Na Hau Jirgi da Sunanki

Yaya Sa'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, ni ce Barira. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina da rai ma ba za ki karanta ba, tunda ke Larabci kaɗai kika iya, kullum cewa kike rubutun boko da baya yake tafiya. Amma bakina ya ƙi buɗuwa a gaban kowa, maganar kuma ta cika mini ciki, shi ya sa na yago takardu daga littafin makarantar Jawahir, na zauna a kicin bayan azahar. Yau kwana goma sha tara rabonki da gida. Ni kaɗai na san inda kike, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ki fara tambaya. Inna tana nan da ƙafarta, amma abinci sai an yi da gaske. Kullum da la'asar sai ta sa a jawo mata kujera bakin ƙofa, ta juya kunnenta wajen matakala, tunda idon ya daina yi mata aiki. Duk takun da ya hawo tana sanin mai shi kafin ya iso. Ni kaɗai nake rikita ta. Ranar da na dawo da abayarki a jikina ta ɗauka ke ce, har ta fara yi miki faɗan daɗewa, sai da na yi magana ta gane ni ce. Na wanke abayar sau uku, ƙanshin humrarki ya ƙi fita. Jawahir ta rame. 'Yar nan taki da ba ta iya haɗa magana uku da Hausa ba sai ta tsoma Larabci, yanzu da Hausa take kiranki a hankali in ta shiga ɗakinki. Mukayyif ɗin nan mai sanyaya ɗakin ya koma ɗigon nan nasa, na ajiye masa roba a ƙasa. Danginmu na unguwar Shisha sun zo sau biyu, sun zagaya asibitoci da sunanki, duk inda aka duba sai a ce babu mai wannan suna.

Jawahir ta so kai ƙara wajen 'yan sanda tun kwana na biyu. Inna ce ta hana, kuma saboda ni ta hana. Kin san dalilin, amma bari in rubuta shi in gan shi da idona.

Ke haihuwar Makka ce, kina da iƙama, katin zaman ƙasa, tun kina goye. Ni kuwa daga Bichi Inna ta sa aka kawo ni ina da shekara goma sha biyu, bayan rasuwar ƙanwarta da ta haife ni. Da sunan umara aka shigo da ni, aka ce kwana kaɗan ne. Shekara ashirin da shida ke nan ina cikin kwana kaɗan ɗin. Ba ni da kati, babu sunana a ko'ina. Sai Allah Ya yi mu tsawo ɗaya, ido iri ɗaya, in mun saki niƙabi ko maƙwabta sai mun yi magana suke rabe mu. To, da haka muka saba. In aikin girki ya samu a Arfa lokacin Hajji, ki ara mini katin. In zan je nesa, ki ara mini katin. Kina miƙo shi kamar cokali kike ba ni, har da ja mini kunne kada in ɓata miki suna a gari.

Wannan karon ma ke kika haɗa. Matar da kike yi wa aikin gida za ta aurar da 'yarta a bakin teku, a sabon garin nan da ke can bayan Jidda wajen Rabig, suna neman mai ƙunshi, kika ce ga ƙanwarki. Na ce ina tsoro. Kika ce mace ta kusa arba'in ba ta taɓa tsoma ƙafa a teku ba, abin kunya ne a gidanmu. A motarsu za a tafi da ni, amma su za su yi mako a can, don haka suka saya mini tikitin jirgin ƙasa na dawowa. Tikitin ba ya fita sai da lambar kati, kika ba da taki. Ana gobe tafiya da yamma na gwada sabon zanen a ƙafarki ta hagu, kwaɓin ya ƙare kafin in kai ga ta dama, kika ce in na dawo in ƙarasa miki. Da safe muka yi musaya. Na ɗauki katinki, da wayarki tunda tikitin a ciki yake, da abayarki mai kyau. Kika ɗauki 'yar wayata da koɗaɗɗiyar abayata, kika ce za ki zauna mini a wurin tallata a kasuwar Utaibiyya kwana ukun, kada wata ta mamaye mini wurin. Na yi miki dariya, na ce ke da ba ki san bambancin mudun kuka da na kuɓewa ba.

Na ga teku, Yaya. Ruwan da ɗumi kamar na wanka, ya kwanta shiru, babu hayaniyar da nake zato. Garin ne ban gane masa ba. Gidaje farare a jere, tituna a share, amma ba shanya ko ɗaya a taga, ba ƙanshin girki, ba yaro a waje. In na fito daga gidan biki sai in ji takuna kaɗai. Kiran salla ma daga nesa yake zuwa, kafin ya iso iska ta cinye rabinsa. Na yi wa amarya da ƙawayenta ƙunshi, suka yaba, ba wanda ya tambaye ni komai. Ranar dawowa na cika miki gora da ruwan tekun, don na ji an ce yana maganin tsagewar hannu.

Bayan azahar direbansu ya sauke ni a tasha. Wuri ne makeke, ga sanyi, ga mutane ƙalilan. Na ɗora wayarki a kan ƙofar shiga, sai fitila ta kawo kore, ƙofa ta buɗe. Wata ma'aikaciya ta dubi allonta, ta kira sunanki, ta yi mini fatan sauka lafiya. Na gyaɗa kai kawai. Kin riga kin kafa mini doka, kada in buɗe baki a gaban ma'aikata, don Larabcina na kasuwa ne, duk wanda ya ji ya san ba a nan aka haife ni ba.

Jirgin daga Madina ya taso, cike da masu umara. Da na shiga taragon sai na tsaya cak. Maza ne jere-jere cikin harami, fari fat daga gaba har baya, yawancinsu barci ya kwashe su, kawuna a karkace, bakuna a buɗe, ba mai motsi. Allah Ya gafarta mini, likkafani ne ya faɗo mini a rai. Na nemi lambar kujerarki na zauna a jikin taga. Taragon a cike yake, amma kujerar da ke kusa da ni ba kowa. Jirgin ya tashi ban ma ji tashinsa ba. Ba ya jijjiga, ba ya ƙara. Na ajiye gorar a kan ɗan teburin gabana, ruwan ciki ko kaɗawa bai yi ba, alhali a waje sahara tana wucewa da gudun da ido ba ya iya riƙewa. Sanyin na'ura ya fara shiga mini ta yatsu. Na cusa hannuwana cikin abayarki, bai hana ba.

A nan ne wayarki ta yi ƙara. Na duba, sai ga sunana a kan allo, Barira, da hoton nan nawa da kika ɗauka ina dariya baki har kunne. Kin taɓa ganin sunanki yana kiranki? Daidai lokacin wani ma'aikaci yana tsaye a tsakanin kujeru, taku biyu daga inda nake, yana duba tikitin wani tsoho. Na kife wayar a cinyata har ta gaji ta katse. Ta sake kira. Ta sake. Sau uku, Yaya, kuma duk ukun ina kallon takalmin mutumin nan ina jira ya wuce. Na ce a raina ai tambayata za ki yi farashin daddawa, in na sauka na kira ki.

Muka tsaya a Jidda. Mutane suka shigo da akwatuna, wasu har suna neman wurin zama. Duk wanda ya iso kujerar kusa da ni sai ya dube ta, ya dubi wayarsa, ya wuce. Wataƙila wani ne ya sayi tikitinta ya makara, na sha gaya wa kaina haka. Amma akwai wata tsohuwa a ɗaya ɓangaren, cikin fararen kaya, irin mutanen gabas ɗin nan masu ƙaramin jiki. Ta buɗe leda ta miƙo mini dabino ɗaya, na karɓa. Sai ta sake miƙo hannu, ta tsallake ni da ido, ta ajiye wani dabinon a kan teburin kujerar da ba kowa, ta yi murmushi, ta gyaɗa kai kamar an gode mata. Wa ta gani, Yaya? Ban iya tambayarta ba, ba mu da yare ɗaya, kuma ko muna da shi an hana ni magana.

Bayan Jidda wayar ta yi ƙara karo na huɗu. Na tashi na je tsakanin tarago biyu inda ba kowa, na ɗauka. Ba a yi magana ba. Na ji hon ɗin motoci can nesa, da muryoyin maza suna magana a kan juna, da wani abu kusa da wayar mai kama da numfashi, a hankali, da tazara mai tsawo tsakaninsa. Na kira ki da raɗa. Na sake kira. Sai layin ya katse. Da na bi kiran aka ce wayar a kashe take, kuma har yau a kashe take.

Na koma kujerata. Can jirgin ya shiga wani duhu, ko rami ne ko ƙarƙashin gada ban sani ba, gilashin taga ya zama madubi. Na ga mace cikin abayarki da niƙabinki tana kallona. Ni ce mana, wa zai zama in ba ni ba? Amma na ɗaga hannu zan gyara niƙabi, kuma har gobe ba zan iya rantsuwa cewa ta ɗaga nata ba. Haske ya dawo, duwatsun Makka baƙaƙe suka fara bayyana, sai fararen mutanen nan suka farka kusan lokaci ɗaya, suka ɗauki talbiya, taragon ya cika da murya. Da na tashi sauka dabinon yana nan inda ta ajiye shi, ban taɓa shi ba.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk da sanyin nan da tsoron nan, na ji daɗin tafiyar. Da na fito tashar Rusaifa, zafi ya mare ni, ga cunkoso, ga masu tasi suna ihu, ga askar biyu, 'yan sandan garin, a bakin ƙofa. Shekara ashirin da shida ina canza hanya in na hango kaki. Ranar na bi ta tsakiyarsu kaina a ɗage, har kafaɗata ta kusa gogar ɗaya. Na ce ashe haka kike ji kullum. Na ɗauki tasi ina kallon gari ta taga kamar nawa, ina ta tsara yadda zan ba ki labarin teku, da yadda zan roƙe ki ki bar mini katin ko da kwana biyu ne.

Na tarar da Inna da Jawahir suna jiranki. Muka jira tare. Washegari na tafi Utaibiyya. Babu tiren tallata, babu tabarmar. Na hango Talatu, mai sayar da gyaɗa a kusa da ni, na matsa na ɗaga niƙabi na gaishe ta. Yaya, matar nan ta saki abin hannunta, ta ja da baya a zaune tana salati, ta ce kada in matso. Sai da na kama hannunta ta ji ɗumina sannan ta iya magana. Ta ce ai ni na mutu jiya, da idonta ta gani.

Ta ce bayan azahar motar masu kamen 'yan talla ta shigo layin, kowa ya kwashi abin da ya iya ya watse. Ke ma kika tashi kika ruga. Me ya sa kika gudu? Na san amsar, amma ina tambaya. Ke da ba ki taɓa gudu ba a rayuwarki, ke da in an yi kame kike tsayawa ki zaro kati kina taunar cingam. Ranar kin laluba jaka kin ji wayam, ko ba haka ba? Kuma ba ki san hanyoyinmu ba. Mu mun san lungun da yake ɓullewa da ƙofar da ake bari a buɗe dominmu. Ke kuwa kika kama matakalar nan mai hawa dutse, wadda ba ta kai ko'ina sai bango, cikin wannan rana, da zuciyar da likita ya ce ki riƙa lallaɓawa. Talatu ta ce daga tagar gidan da ta ɓuya ta hango mutane sun taru a kanki, wani yana ta danna wata 'yar waya, har motar asibiti ta zo, aka lulluɓe ki tun daga kai har ƙafa. Abayata ce a jikinki, a wurina kika zauna, don haka duk matan layin suka ce Barira ta cika. Sun ji tsoron zuwa gida ta'aziyya, amma sun yi mini addu'a, har sun raba gyaɗa sadaka da sunana. Ta tambaye ni to wace ce. Na ce wata baƙuwa ce na ɗauka ta riƙe mini wuri.

Na dawo gida da wannan a cikina, na dafa shinkafa, na zuba wa Inna. Kwana takwas ina cewa gobe. A na tara na ɗauki katinki na tafi asibitin da ke karɓar mutanen wannan yanki. A wurin rajista na ce ni ce Sa'adatu, ina neman ƙanwata Barira, ba ta da takardu. Ban shirya faɗin haka ba, da kansa ya fito. Wata ma'aikaciya dattijuwa ta sauka da ni ƙasa, ɗakin ajiye gawa da suke kira talaja. Ina shiga na gane sanyin. Shi ne na cikin jirgi, shi ne wanda ya kama mini yatsu.

Ta jawo durowa. Na roƙe ta ta fara ta ƙafa, don ba zan iya da fuska ba. Ta yaye. Ga zanena a ƙafarki ta hagu, baƙi wuluk kamar jiya na yi shi, alhali wanda ya taɓa hannuna a wurin biki tuni ya koɗe. Ta dama ba komai. Matar ta ce sun gwada yatsunki a na'ura sau da yawa ba ta karanta ba, zanen yatsun ya shafe. Na sani. Shekarun wanke-wanke da ruwan bilic a gidajen mutane ne suka cinye shi, ai shi ya sa na ɗebo miki ruwan teku.

Ta yi mini magana da taushi. Ta ce in ƙanwata ce in sa hannu, za a yi mata wanka, a kai ta Harami a yi mata salla, a binne ta cikin kwana biyu, kuma ni ba abin da zai same ni tunda takarduna lafiya suke. Ta sa mini biro a hannu. Kin ga abin da aka shimfiɗa a gabana? Sa hannu ɗaya. A binne ki a matsayin Barira, wadda dama babu ita a ko'ina, wadda kasuwa ta riga ta yi wa addu'a. Ni kuma in zama Sa'adatu har in mutu, in bi ta gaban askar, in hau jirgi duk ranar da na so. Na so, Yaya. Wallahi na so, har bakin biron ya taɓa takardar. Sa'annan na kasa. Gaskiyar ma na kasa faɗa, don na san inda za ta kai ni. Sai na ajiye biron, na ce ba ita ba ce, ban san wannan matar ba.

Ta dube ni ta daɗe. Ta rufe ƙafarki, ta tura durowar. A kan matakala ta ce mini waɗanda ba a zo nema ba akwai wa'adin da ake ba su, in ya cika sai a binne su cikin marasa suna, kuma na wannan baiwar Allah ya kusa.

Kwana goma ke nan da wannan. Hannuwana sun ƙi ɗumi, ko a kan murhu na ɗora su. Wayarki tana ta karɓar saƙonni ana gaishe ki da suna, har masu jirgin sun aiko suna tambaya ko kin ji daɗin tafiyarki. A rubuce, kina cikin jirgi tsakanin teku da Makka a sa'ar da kike kwance a kan matakala. Wa zai warware wannan in ba ni ba? In aka kira Sa'a a gidan nan sai in ji kaina ya juya kafin in tuna. Ina jin haushinki wani lokaci, ki yafe mini. Wa ya ce ki zauna mini a wurin talla? Wurin banza, faɗin tabarma ɗaya a gefen titi. Kuma tun muna yara nake jin ƙyashin katin nan naki. Kina ba ni da zuciya ɗaya, ni kuma duk ranar da zan mayar sai na ji kamar fizge mini aka yi. Ban taɓa faɗa ba, kuma ina zaton kin sani.

Shekaranjiya makarantar su Jawahir suka ce lallai uwarta ta zo, saboda fashin da take yi. Inna ta ce in je. Na saka abayarki muka tafi. A gaban shugabar makarantar yarinyar nan ta juyo ta kira ni Umma, don kada a gane. Na ga yadda kalmar ta fito mata, kamar ta haɗiyi ƙaya. Muka kamo hanyar dawowa. Sai da muka kai tsakiyar matakalar gida ta tsaya, ba ta dube ni ba, ta gaya mini da Hausarta mai karaya cewa kullum tana mafarkinki, kuma kullum abu ɗaya kike nema, bargo. Ta ce ita ba ta gane ba, ana wannan zafin me za ki yi da bargo.

To, na gama, Yaya. Gobe bayan asuba zan durƙusa gaban Inna in faɗa mata, Jawahir tana ji. Ban san ko za su sake duban fuskata ba. Daga nan mu tafi asibitin mu uku. Zan ajiye katinki da wayarki a kan teburin matar nan, in ce ƙarya na yi, wannan Sa'adatu ce, yayata, ga uwarta ga 'yarta. Sa'annan in miƙa yatsuna ga na'urarsu karo na farko a rayuwata. Nawa za su karantu sarai.

Na san abin da zai biyo baya. Gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, daga nan jirgin sama zuwa Kano, daga nan Bichi, inda ban san ko ƙofar gidanmu ina take kallo ba. Ba za a bar ni in dawo ba. Na nuna wa Jawahir yadda ake ɗiga wa Inna maganin ido, na koya mata tuƙa tuwo yadda ba zai yi gudaji ba, tana ta mamakin abin da ya same ni. Ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni zan yi miki wanka ba. Ranar da za a ɗauke ki zuwa Harami, a yi kiran sallar gawa, dubban mutanen da ba su san ki ba su tsaya a bayanki, ni ina can a kulle. Baƙi daga ko'ina a duniya za su yi miki salla, ban da ni. Na yarda. Hakkinki ne, kuma ni na jinkirta miki shi.

Ki ƙara haƙuri zuwa gobe kawai. Uwarki za ta shafa fuskarki, 'yarki za ta lulluɓe ki da hannunta, a kwantar da ke a ƙasar da aka haife ki, ƙasa mai ɗumi. Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata miki makwanci, Ya sa in mun haɗu ki yarda ki amsa mini sallama.

Na bar ki lafiya.

Ƙanwarki da ta ce ba ta san ki ba,
Barira